Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar Lafiya Ta Duniya Kan Masu Ciwon Cikin Da Hoto Ba Ya Nunawa

Ranka ya daɗe, Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan marasa lafiyan da ake sallama daga asibiti da cewa ba a ga komai ba.

Mutum zai ci loma biyu ya ji ya cika, ciki ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa. A zura masa na'urar leƙen ciki, babu gyambo babu ƙari. Sai a rubuta masa maganin olsa, wani lokacin ma a ce damuwa ce. Alhali ba gyambon tumbi ke damunsa ba, motsin tumbin ne ya lalace.

Ka fi ni sanin cewa tumbi yana da nasa bugun kamar zuciya, kimanin sau 3 a minti. Wasu ƙwayoyin halitta ne ke tayar da lantarkin da ke kawo wannan bugun, waɗanda aka sa wa sunan Santiago Ramón y Cajal, masanin Sifen da ya ci kyautar Nobel a 1906. Ciwon suga idan ya daɗe yana cinye su, abinci ya kwana a tumbi bai gangara ba.

Tun 1922 Walter Alvarez ya wallafa awon wannan bugun, amma siginar ba ta da ƙarfi, aka daɗe ana fama. Yanzu injiniyoyin Jami'ar Auckland a New Zealand sun ƙera faifan da ake mannawa a fatar ciki ya zana taswirar bugun, ba yanka ba allura. Na'urar da ake dasawa ta zaburar da tumbi kuwa, Amurka ta amince da ita tun 2000.

To amma su wa ke samunsu? Asibitoci ƙalilan a ƙasashe masu kuɗi. Ga shi hukumarka da kanta ta ce masu ciwon suga sun kai miliyan 830 a 2022, galibinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Roƙona shi ne shirin yaƙi da ciwon suga da kuka ƙaddamar a 2021 ya tuna da ciki, kada a tsaya a ido da ƙoda da ƙafa. Ku sa masana masu zaman kansu su tantance waɗannan na'urori, domin ba duk abin da kamfani ya tallata ne ke aiki ba. Wadda ta ci jarrabawa kuma, ku zauna da masu ƙera ta a kan farashi.

Naka,
Wani mai bibiyar harkokin lafiya