Wasiƙa zuwa ga ɗiyata kan fayil ɗin da shirinki ya ƙi gani

Assalamu alaikum, 'yata.

Da fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Mamarki da ƙannenki suna gaishe ki. Na ga saƙonki cewa shirin Python da kika rubuta yana ta kukan bai ga fayil ba, alhali ga fayil ɗin a gabanki. Har kika ce kin fara tunanin ko wannan fanni ba naki ba ne. Wannan maganar ta taɓa ni, shi ya sa na zauna na rubuta miki a tsanake.

Ki bar sauya rubutun shirin bisa tsammani. Fara tambayarsa abin da ya iso hannunsa. Sa print(sys.argv), wato umarnin da ke nuna jerin abin da aka miƙa wa shirin, a samansa, ki sake kunnawa, ki ƙirga guntayen da suka fito. Dalili kuwa, abin da kika buga a baƙin allo ba kai tsaye yake zuwa wurin shirinki ba. A Linux, Bash, wato shirin da ke karanta umarnin da kika buga, shi ke fara karɓa, ya yanka layin a duk inda ya ga tazara, sannan ya miƙa. Sunan fayil kamar Sakamakon Aji Uku.csv, in ba ki rufe shi da alamar zance ba, abu uku ne zai iso, shirin ya tafi neman wani fayil wai shi Sakamakon.

Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin tarko. 'Yar alamar nan ta saman 'yan da 'ya'ya, wurin Bash buɗe zance ce. In sunan fayil ɗinki Sunayen 'yan aji.txt ne kika buga shi haka tsirara, Bash zai sauko sabon layi ya nuna miki alamar > ya yi ta jiran ki rufe, ke kuma ki ɗauka kwamfutar ce ta sandare. Rufe sunan gaba ɗaya da alama mai ƙwaya biyu, "Sunayen 'yan aji.txt", shi ke nan. Haka in a rubutun Bash sunan yana cikin ma'aji, wato variable, rubuta "$fayil" da alamunsa kullum, in kuma za ki miƙa wa wani shirin duk abin da aka ba naki, "$@" ne daidai, $* zai sake farfasa su.

Kwamfutocin makarantarku kuwa na Windows ne, can al'adar daban ce. Layi guda ake miƙa wa shiri, shi zai rarraba da kansa, kuma a ƙa'idar da yawancin shirye-shirye ke bi, \ da ta zo gaban alamar zance tana kashe ta. Saboda haka "C:\Program Files\" ba ya rufuwa, sai ya haɗiye duk abin da ya biyo baya. Ki cire \ ta ƙarshe, ko ki ninka ta biyu. Wannan ita na fi zargi, tunda kin ce a kwamfutarki yana aiki, a tasu yana ƙi.

Kada ki kwafo umarni daga Word, yana lanƙwasa alamomin zance, Bash kuma bai san lanƙwasassu ba. In shirinki zai kira wani shirin, ki ba subprocess.run, umarnin Python na kiran wani shiri, jeri, kowane guntu a mazauninsa, kada ki haɗa dogon layi da hannu.

Wannan matsala ta sha tsayar da waɗanda suka yi shekaru a aikin, don haka kada ki auna ƙwaƙwalwarki da ita. Gwada yau, ki ɗauki hoton abin da sys.argv ya fitar ki turo mini, mu duba tare bayan sallar isha'i. Kuɗin littattafan da kika ce zan aiko ranar Juma'a in Allah ya yarda.

Allah ya yi miki albarka, ya buɗa miki basira.

Babanki