Rahoton Ayyukan Shekara: Taswirar Halittun Yankinmu

Ya ku 'yan uwa mambobi,

A taron bara kun ɗora wa kwamiti nauyin tattara duk abin da muka daɗe muna rubutawa a littattafan aljihu game da tsuntsaye, itatuwa da namun daji, a ɗora shi kan taswira guda. Alhamdu lillahi, an yi.

Mun fara da koya wa mambobi ɗaukar lambobin wuri da GPS na wayar hannu, daga nan muka shiga QGIS, manhajar haɗa taswira, wadda kyauta ce. Hotunan tauraron ɗan'adam ma ba mu biya ba. Shirin taurarin Landsat na Amurka yana ɗaukar hoton duniya tun 1972, an kuma buɗe taskarsa ga kowa a 2008. Sentinel-2 na Turai, da aka fara harbawa a 2015, kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne a ƙasa, na Landsat kuwa mita 30.

Da muka jera hotunan shekaru daban-daban sai hankalinmu ya tashi. Zirin bishiyoyin bakin rafi da ya haɗa dazuzzukan yankinmu biyu ya sirance, a wani gurin har ya kusa tsinkewa. Nan ne hanyar da dabbobi ke bi daga wannan daji zuwa wancan. Idan ta yanke, kowane garke zai killace shi kaɗai, yana barbara a tsakaninsa har ya raunana. Shi ya sa muka karkata dashen bana gaba ɗaya zuwa wannan ziri.

Taswirar ta tona mana asiri kuma: ɗigogin wuraren da muka ga halittu sun yi cincirindo a gefen hanya, tsakiyar daji fayau. Ƙafarmu ce ba ta kai can ba, kada wani ya ɗauka babu kome.

Mun amince ba za mu nuna ainihin wurin sheƙunan tsuntsayen da suka yi ƙaranci a taswirar da jama'a za su gani ba, domin mai farauta ma yana karanta taswira. Sauran bayanan muna shirya su don miƙa wa GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya.

Yarjejeniyar Kunming-Montreal, wadda ƙasashen duniya suka cimma kan kare halittu a Disamba 2022, ta sa burin kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku nan da 2030. In an tashi zaɓen wuraren da za a kare, muna so bayananmu su kasance a hannu.

Baɗi, in Allah ya kai mu, tsakiyar dajin za mu shiga. Masu iya doguwar tafiya su ba sakatare sunayensu.

Kwamitin Zartarwa