Biza: 'yan kasuwarmu su daina miƙa fasfo ga ejan su koma gida su kwanta

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana 'yan kasuwa a kan neman bizar ziyara, saboda abun ya ci min tuwo a ƙwarya ni kaina, kuma kusan kullum sai na ga wani a layinmu ya kama hanyar faɗawa ramin da na faɗa.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da leshi nake sayarwa shekara da shekaru. Duk wanda ya san harkar ya san shaddar Getzner a ƙasar Ostiriya ake yinta, leshi mai kyau ma da yawa daga can yake fitowa, toh sai na ga ya kamata ko sau ɗaya in je da ƙafata in ga masu kayan maimakon kullum in riƙa saye a hannu na uku. A 2024 wani abokina ya haɗa ni da wani ejan, ya ce shi ke yi wa manya. Na je na ba shi fasfo da hoto da kuɗi masu nauyi, ya ce Alhaji je ka kwanta kawai ranar ɗaukar yatsu zan kira ka. Wallahi ko fom ɗin ban karanta ba, inda ya nuna min nan na sa hannu.

Bayan 'yan makonni fasfo ya dawo babu biza, sai wata takarda a ciki mai akwatuna an yi alama a kan dalilan da suka sa aka hana. Da yarona da ke jami'a ya zauna ya bi kwafin takardun da aka shigar ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi ejan ya rubuta wai ni manaja ne a wani kamfani da ban taɓa jin sunansa ba, ya haɗa takardar albashi ta bogi, otal ɗin da aka ce na kama an soke shi tun kafin a duba, sannan kuɗin da ya ce in bari a zuba min a akawun na kwana biyar "don sitatimen ya yi kyau" su ne suka fi komai tona asiri, don akawun ɗin da wata shida ba ya motsi sai ga miliyoyi sun faɗo rana ɗaya sun fita rana ɗaya. Ni da nake da shago na gaskiya da ciniki na gaskiya aka mayar da ni maƙaryaci a takarda, da sa hannuna a ƙasa. Wannan ya fi asarar kuɗin yi min ciwo har yau.

Kuɗin biza dama ba a mayarwa, ko an ba ka ko an hana. Ta ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Ostiriya ke cikinsu, yuro 90 ce tun watan Yunin 2024, ban da kuɗin cibiyar da ke karɓar takardu da inshorar lafiya da dole ta zama mai iya biyan kuɗin jinya har yuro 30,000, ga kuɗin mota zuwa Abuja ko Legas ga masauki. Ta Amurka dala 185. Amma ba kuɗin ne babbar asara ba. Ƙasashen Shengen rumbun bayanai ɗaya suke amfani da shi, hoton yatsunka da labarin an hana ka yana ciki har shekara 5, in ka bar wannan ofishin jakadancin ka tafi na wata ƙasar a cikinsu za su gani. Ingila kuwa in suka kama ka da takardar ƙarya suna iya rufe maka ƙofa shekara 10. Shi ejan babu abun da ya same shi, sunansa ba ya cikin fom, gobe ma zai karɓi fasfon wani.

Na daɗe ina tunanin me ya sa muke faɗawa hannunsu, sai na ga matsalar tana shagunanmu. Ɗan kasuwarmu yana da kuɗi amma ba shi da takarda. Mutum zai yi cinikin miliyoyi a mako amma rabi tsabar kuɗi ne a ƙarƙashin tebur, rabi a akawun ɗin yaron shago ko POS ɗin maƙwabci, shagon babu rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, babu lambar haraji, rasit ɗin kaya an yage an yar. Shi kuma jami'in biza bai san ka ba, bai san mahaifinka ba, ba zai zo Kwari ya tambayi mutuncinka ba. Abu biyu kawai yake nema a takarda, kana da halin ɗaukar nauyin tafiyar da kuɗinka na halak, kuma kana da abun da zai dawo da kai gida, shago ne, iyali ne, gida ne ko gona. Mu da muka fi kowa wannan hujjar mu ne ba ma iya nuna ta, sai ejan ya zo ya cike gurbin da ƙarya.

Bayan abun da ya faru sai na ɗauki shekara guda ina gyara. Na yi wa shagon rajista, na buɗe akawun da sunan kasuwancin na ce duk ciniki ta nan zai riƙa bi, na fara adana takardun kayan da nake saye, na nemi kamfanin da nake son ziyarta suka aiko min da wasiƙar gayyata mai ɗauke da ranakun da zan je. Ni da yarona muka cike fom a waya da kwamfuta a falo, inda aka tambaya ko an taɓa hana ni muka ce eh, na haɗa da gajeriyar wasiƙa na faɗi abun da ya faru ba ɓoye-ɓoye. Kwana goma na nema, aka ba ni, na je na dawo ranar da na ce zan dawo. Ban ce kowa ya yi haka dole a ba shi ba, akwai mutanen kirki da ake hanawa da takardunsu cif, kuma hakan na da zafi, amma ko an hana ka da gaskiyarka kana da fuskar sake nema.

Masu zuwa Sin su ma su kula, don su ne suka fi yawa a cikinmu. Bizar kasuwanci daban, ita ce mai harafin M kuma tana buƙatar gayyata daga can, ta yawon buɗe ido mai harafin L daban. In baje kolin Kanton za ka a Guwanzu, wanda ake yi sau biyu a shekara, wajen Afrilu da kuma Oktoba, ka fara shiri da wuri, ka duba fasfonka ya rage masa aƙalla wata shida, ka nemo katinka na rigakafin shawara. Kar ka bari sai saura sati biyu ka fara rawar jiki, a nan ne ejan ke yanka mutane yadda ya ga dama.

Sai kuma maganar da ba a son faɗa. Masu karɓar bizar ziyara su je su ɓace suna cutar da mu duka. Bizar ziyara ba ta aiki ba ce, Umara ma ba ta zama ba ce. Mun ga yadda Dubai ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofa daga ƙarshen 2022 sai a Yulin 2024 aka buɗe, 'yan kasuwar Kano nawa ne harkarsu ta tsaya cik a tsakanin nan? A Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizarmu ta ziyara ta wata uku, shiga ɗaya. Kowace ƙasa da dalilan da take bayarwa, amma ni dai na san duk wanda ya wuce wa'adinsa ya ƙara wa na bayansa nauyi a layi, kuma iyayen da ke sayar da fili su ba ejan don a "fitar" da yaro da bizar yawon buɗe ido su sani ba aiki suka sama masa ba, ɓuya suka saya masa.

Roƙona ga shugabannin kasuwar Kwari da Sabon Gari da Wambai da kuma KACCIMA, cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ta Kano, su riƙa shirya zama ko sau biyu a shekara da Hausa, a kawo wanda ya san harkar ya nuna wa mutane yadda ake cike fom da irin takardun da ake nema. Ku ma 'yan jarida ku riƙa buga sababbin ƙa'idoji da Hausa duk lokacin da suka canza. Ban ce duk ejan macuci ne ba, akwai masu rajista masu tsoron Allah, amma ko waye zai cike maka, ka sa a karanta maka kowane layi kafin ka sa hannu, ka karɓi kwafi, kuma kuɗin biza ka ga rasit ɗinsa da idonka.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano.