Baƙonku ya ruɗi talakawa a kan kutsen waya

Assalamu alaikum Edita,

Wallahi raina ya ɓaci da baƙon da kuka kawo a shirin daren Lahadi. Wai talaka ya kwantar da hankalinsa, kayan kutsen waya na manya ne, babu mai zubar da miliyoyin daloli don ya leƙa wayar mai shayi. Shi kuwa mai gabatarwa ban da "haka ne, Dakta" babu abin da ya iya cewa.

Dakta yana nan tsaye a 2016, lokacin da cibiyar bincike ta Citizen Lab ta bankaɗo Pegasus, manhajar leƙen asirin waya ta kamfanin NSO. Duniya ta wuce nan. Tun 2015 aka fasa rumbun bayanan kamfanin Hacking Team na Italiya, mai ƙera irin waɗannan manhajojin, aka watsa kayan aikinsa a intanet, kowa ya ɗiba. A 2024 Google ta ce masu kutsen da ake alaƙantawa da Rasha sun ɗana tarko a shafukan gwamnatin Mongoliya da irin dabarun da NSO da Intellexa, shi ma kamfanin kayan leƙen asiri, suka fara aiki da su, kuma kafofin da suka bi an riga an toshe su, wanda bai sabunta wayarsa ba ne ya faɗa. Kayan nan kamar gwanjo suke, in manya sun gama sawa sai su sauko kasuwa da araha.

To su waye ba sa sabunta waya? Mu ne! Gyaran waya nake yi a bakin kasuwar Sheikh Gumi, kuma yawancin abin da ake kawo mini na hannu ne, waɗanda kamfanoninsu suka daɗe da daina aiko musu da gyaran tsaro. Wanda tasa ke karɓa ma, da ya ga saƙon sai ya ture, don data ta yi tsada tun ƙarin kashi 50 na 2025. Kwanaki wata Hajiya mai sayar da atamfa daga Rigasa ta zo tana kuka, waya na zafi, caji ba ya zama, asusu wayam. Da na bincika sai ga manhaja a ɓoye, ba ta da hoto a fuskar wayar, tana karanta duk saƙon banki da ya shigo. Turo mata aka yi a WhatsApp da sunan rajistar tallafi. Irin waɗannan haya ake ba da su wata-wata, yaron da ko Turanci bai gama iyawa ba zai biya ya yi ɓarna. Hajiyar nan minista ce?

Awa guda kuka yi, ba wanda ya ce a daina saka manhajar da aka turo ta saƙo, ko a mayar da layin banki cikin ƙaramar waya mai tocila in babbar ta tsufa. Ko masu iPhone ɗin da Dakta ya damu da su bai gaya musu akwai Lockdown Mode, tsarin tsaurara tsaron wayar, tun 2022 ba. Ku dawo da shirin, ku kawo wanda yake taɓa wayoyin mutane da hannunsa.

Sannan don Allah ku rage tallan maganin basir. Ya cinye lokacin kiran masu sauraro, layin naku kuma dama ba shiga yake yi ba.

Naku,
Mai gyaran waya,
Tudun Wada, Kaduna