Wasiƙa ga Iyaye: Yadda Turanci Ke Kiran Yara Gwargwadon Shekarunsu

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon ɗalibanmu. Muna fatan kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya.

Wasiƙar wannan karon daga malaman Turanci ta fito, kuma a kan magana ɗaya ta tsaya: kalmomin da Turanci ke kiran yaro da su tun daga haihuwa har ya zama cikakken mutum. Mun ga ya dace ku ma ku san su, domin ba a aji kaɗai suke ba. Suna jikin kwalbar magani, suna kan fom ɗin shiga makaranta, suna kan tikitin jirgi da kwalin kayan wasa.

Mu Hausawa da mataki muke duba yaro. Muna cewa jariri, na goye, mai rarrafe, mai tatata, ɗan yaye, wanda ya yi wayo, wanda ya balaga. Ba wanda ke tambayar ranar haihuwa kafin ya kira yaro ɗan yaye. Turanci ma yana da irin waɗannan sunaye, sai dai kusan kowanne akwai lissafi a bayansa, musamman idan ya hau takarda.

Newborn shi ne sabon haihuwa. A asibiti ana nufin kwana 28 na farko. Baby kalmar gida ce, ba ta da iyaka tsayayya, ana amfani da ita har yaro ya fara tafiya. Infant ita ce ke rikita mutane, domin ma'anarta tana bin wurin da aka rubuta ta. A bakin likita, yaron da bai cika shekara ɗaya ba ne. A wurin kamfanonin jirgin sama kuwa, wanda bai cika shekara 2 ba ne, wanda ake ɗora wa a cinya ba tare da kujerarsa ba. Daga 2 zuwa 11 sukan kira shi child, daga 12 kuma tikitin babba za a yanka masa. Mai shirin tafiya Umara da yara ya lura da wannan: shekarun yaro a ranar tafiya ake dubawa, ba a ranar da aka sayi tikiti ba. A Ingila har akwai infant school, wadda yaranta ke kai wa shekara 7.

Toddler ita ce ta fi kusa da mai tatata, domin ta samo asali ne daga toddle, wato tafiyar ƙaramin yaro mai tangaɗi. Ana nufin kimanin shekara 1 zuwa 3. Daga nan sai preschooler, ɗan 3 zuwa 5, sa'ar 'yan nazare. Kid kuwa kalmar hira ce, asalinta ɗan akuya take nufi. Ba zagi ba ce, amma muna hana ɗalibai sa ta a wasiƙar hukuma ko a insha'in jarrabawa. Child ake so a can, jam'inta kuma children. Babu childs, babu childrens.

Teenager ba kowane matashi ba ne. Lambobin Turanci daga thirteen zuwa nineteen duk da teen suke ƙarewa, shi ya sa kalmar ta kama daga 13 zuwa 19 daidai. Ɗan shekara 12, ko ya fi ubansa tsawo, bai shiga ba. Shi preteen ne, wasu kuma su ce tween. Adolescent ta fi faɗi, Hukumar Lafiya ta Duniya tana nufin 10 zuwa 19 da ita. Sai minor, kalmar shari'a, wanda bai cika 18 ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 da dokar haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 duk sun ɗauki wanda bai kai 18 ba a matsayin child. Saboda haka saurayi ɗan shekara 17 mai gemu, a takarda yaro ne, sai uba ko mai riƙonsa ya sa masa hannu. Idan kun ga child/ward a takardunmu, ward shi ne yaron da ke hannun wanda ba shi ya haife shi ba, kamar ɗan riƙo.

Yanzu ga inda muka fi so ku tsaya. A Hausa mukan ce yaro "ya shiga shekara shida", alhali biyar ya cika, ta shidan yanzu ya fara ta. Turanci ba ya ƙirga shekarar da ba a gama ba. Six years old na nufin ya cika shida cif, ranar haihuwarsa ta shida ta wuce. Wanda ya shiga ta shida, a Turanci har yanzu five ne. In ana son nuna ya kusa, sai a ce he is turning six in March ko he is almost six. Wannan bambancin shi ke sa a rubuta wa yaro shekara ɗaya fiye da tasa a fom, daga baya takardar haihuwa ta saɓa da ta makaranta, a zo rajistar jarrabawa ana neman gyara. Wasu fom ɗin suna fayyacewa: age last birthday shekarun da ya riga ya cika ne, age next birthday kuma waɗanda zai cika nan gaba.

Ƙananan kalmomin da ke gaban lamba su ne ke yanke hukunci. Under five ba ta haɗa da ɗan shekara 5 ba. Ranar da ya cika biyar ya fita. Shi ya sa masu rigakafin shan inna ke rubuta wata 0 zuwa 59, domin wata na 60 shi ne cikar shekara biyar. Five and under kuwa ta haɗa da shi. Haka over twelve ta fara ne daga bayan 12, amma twelve and over ta haɗa da ɗan 12. Masu kallon ƙwallo sun san U-17, under ce aka taƙaice. Facebook ma ƙa'idarsa mai buɗe shafi ya cika 13.

A kan magani wannan ba wasa ba ne. Kwalbar sirop takan raba yara gida-gida, misali 1 to 5 years da 6 to 12 years, kowane gida da yawan abin da za a ba shi. Uwar da ta ce ɗanta ya shiga shida, ta gangara layi na biyu, ta ba shi fiye da ƙima. A duba kuma ko months aka rubuta ko years, domin 6 months da 6 years a ido ɗaya suke kama ga mai sauri. Inda aka ga not suitable for infants under 12 months, kamar a jikin kwalbar zuma, ana nufin kada a ba jaririn da bai cika shekara ba, saboda zuma kan ɗauki wata ƙwayar cuta da cikinsa bai iya kashewa ba tukuna. Kayan wasa masu gargaɗin not suitable for children under 36 months ko 3+ ba na yaron da bai cika shekara 3 ba ne, domin sukan zo da ƙananan ɓangarori da kan maƙale a maƙogwaro. Idan rubutun bai fito muku fili ba, ku tambayi mai kemis ko ma'aikacin lafiya, ku faɗa masa ranar haihuwar yaron maimakon kintace.

Ta fuskar nahawu, kuskuren da muka fi gyarawa a littattafan yaranku daga Hausa ya taso, kuma ba abin kunya ba ne. Muna cewa "yana da shekara biyar", sai ɗalibi ya juya shi kai tsaye ya rubuta he has five years. Turanci ba ya mallakar shekaru: he is five years old, ko he is five kawai. He is five years, ba tare da old ba, gurguwar jimla ce. Idan kuma shekarun suka zo gaban suna, s ɗin ta faɗi, ƙananan layuka su shigo: a five-year-old boy, ba a five years old boy ba. Ku sa yaro ya faɗi shekarun ƙannensa ta hanyoyin nan biyu yayin cin abincin dare. Minti biyar ya isa. Ku saurari bakinsa kuma wajen thirteen da thirty, fourteen da forty. A ta farko ƙarshen kalmar ake ja a danna, a ta biyu farkonta. Junior brother da senior sister da muke ji a ko'ina a Najeriya, a jarrabawa younger brother da elder sister ake so.

Roƙonmu na ƙarshe kan rubuta ranar haihuwa ne. A nan rana muke farawa da ita, sai wata, sai shekara. A Amurka wata ke zuwa farko. Ke nan 03/07/2018 a wurinmu 3 ga Yuli ne, a shafin intanet na Amurka kuwa 7 ga Maris. Ku rubuta sunan watan da haruffa duk inda fom ya ba da dama. Ku kwafo ranar daga takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ba daga ka ba, kuma ku aiko mana da kwafinta idan babu a fayil ɗin yaronku. Wanda ya riƙe haihuwar ɗansa da watan Musulunci ya zo ofis a taya shi juyawa, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11.

Allah ya raya mana su bisa tafarki nagari.

Malaman Sashen Turanci