Kun katse baiwar Allah nan, kuma ba ku kyauta ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Har yanzu raina a ɓace yake kan abin da ya faru a shirinku na adabi na daren Lahadi. Baiwar Allah nan da ta bugo waya daga Maradi tana sukar littafin Tram 83 ba ta kai ko rabin maganarta ba mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, sannan ya juya ya sakar wa Daktan da kuka gayyato fili yana ta zuba yabon littafin har ƙarshen shirin. Lokacin da ya ƙure mata, ina aka samo shi aka ba Dakta?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne cewar da Dakta ya yi wai masu ƙyamar littafin ba su da kunnen jin adabi, an saba musu da labaran soyayya. To ni na karanta shi tun daga bango har bango, da Faransancin da Fiston Mwanza Mujila ya rubuta shi a 2014, kuma ina tare da matar nan.

Ban musa gwanintarsa ba. Ɗan Lubumbashi ne, ya tashi a ƙasar tagulla da kobalt, ya san yadda garin ma'adinai yake idan dare ya yi. Janar ɗin da ke rufe ramukan haƙa yadda ya ga dama, Turawan da suka zo kwasar riba, Lucien da ya tashi karanta rubutunsa a mashaya aka yi masa ihu, Requiem da ba abin da ba zai sayar ba, duk ya kama su da kyau. Hayaniyar da wasu ke kuka da ita, maganganu suna hawa kan juna ba a san mai yi ba, ni ba ta dame ni ba. Haka mashaya take.

'Yan matan ne suka hana ni barci. Yara ƙanana ne, ba su gama girma ba, suna yawo tsakanin tebura suna tambayar maza ƙarfe nawa. Shafi bayan shafi ana ta siffanta jikinsu. Kaɗan daga cikinsu an ba su suna, amma nuna mini inda aka zauna da ɗaya aka ji daga wane ƙauye ta fito, wa ya kawo ta, me take ji idan gari ya waye. Lucien yana da tarihi, Requiem yana da tarihi. Su kuwa an bar su da tambayar lokaci.

Ni ungozoma ce. Ina aiki a Agadas lokacin da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, shekarar da littafin ya fito. Maza suka yi ta kwarara arewa daga ko'ina, daga Damagaram, daga Chadi, daga Sudan, kuma ba a daɗe ba muka fara ganin yaran. Akwai wadda aka kawo mana da tsakar dare tana zubar da jini, ba ta wuce shekara goma sha biyar ba. Wata mata ce ta ɗauko ta daga gida da sunan aikin wanke-wanke. Tana kan gado ba zancen ciwonta take yi ba, roƙona take kada labari ya kai kunnen babanta. Tana da ƙanne uku da take aika wa kuɗi, kuma ta iya kitso fiye da duk wadda na sani. Wannan yarinyar ce nake nema a cikin littafin, ban same ta ba. Da Dakta yake dariya yana maimaita tambayar ƙarfe nawa a rediyo, wallahi fuskarta nake gani.

Ya ce zambo ne, marubucin yana nuna ƙazantar ne don a ƙyamace ta. Zambo a kan Janar na yarda da shi, yana da bindiga. Yarinyar da aka sayar me ta yi da za a haɗa da ita?

Sai kuma ya yi ta jan kyautar Etisalat da aka miƙa wa marubucin a Legas a 2016, da shigarsa jerin farko na kyautar Man Booker ta duniya a shekarar. Allah ya sanya albarka. Amma bayan kyautar ma marubutan Afirka sun yi ta muhawara a kan yadda ya ɗauki mata, kuma ba wanda ya ce da su jahilai. Maza uku kuka zaunar a ɗakin shirin, mace guda da ta samu shiga kuka tsinke mata layi. Ku nemo lambarta ku kira ta, ta ƙarasa abin da ta fara. In za ku sake taɓa littafin, ku gayyato mace ta zauna a kujera.

Sannan don Allah ku dubi tallar maganin maza da kuke sakawa a tsakiyar shirin. Ƙararta ta fi ta shirin, kalamanta ba su dace ba, kuma da 'ya'yana nake saurare. Ku mayar da ita can cikin dare ko ku cire ta.

Mai sauraronku,
wata ungozoma daga Agadas