A Sa Sharaɗin Tsimin Wuta A Kwangilar Makarantu

Ranka ya daɗe Edita,

A watan Maris, da rana ta take, ajin da aka rufa da kwano babu silin ba ya zaunuwa. Yaranmu a unguwannin Aboabo da Asawase a nan Kumasi sai fifita da littafi.

Dokar sayen kayan gwamnatin Ghana ta 2003, wadda aka gyara a 2016, ta ce a duba muhalli, ba araha kaɗai ba. To, me zai hana duk ginin da GETFund, asusun gwamnati na tallafa wa ilimi, ke biya a gindaya sharaɗin tagogi masu fuskantar juna, silin da ƙwan LED? Ɗan kwangila dai kuɗi yake bi. In takarda ta nema, maƙeran unguwar Suame za su samo dabara. A kuma lissafa kuɗin wutar shekara goma kafin a ba da aikin.

Naka,
Wani uba, Kumasi